Maƙwabciyata Kirista ta yi wa ɗana addu'a, maigida ya ce sai ta tashi

Gwaggo, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni matar aure ce a Gadarif ta ƙasar Sudan, 'ya'yana uku. Bayan da yaƙi ya ci Wad Madani a watan Disamba na 2023, wata mata daga Duwatsun Nuba, Kirista, ta iso unguwarmu da 'ya'yanta biyu. Gudu biyu ta yi, daga Umdurman zuwa Madani, daga Madani zuwa nan, kuma har yau ba ta san inda mijinta yake ba. Maigida ya ba ta hayar ɗakin da ke bayan gidanmu, inda muke ajiye buhunan dawa a da. Muka shaƙu. Tare muke shan jabana, wato kofi, da hantsi, tana taya ni yin kisra, gurasarmu ta dawa, yarana suna kiranta hala, wato inna. Lokacin yankan riɗi, maigida yana gona, zazzaɓi ya kama autana har yana sanƙarewa. Ita ta goya shi ta fita neman raksha, keken haya mai ƙafa uku, da tsakar dare, ta kwana uku tare da ni a asibiti. A dare na biyu ta ɗora hannu a kansa ta yi addu'a da sunan Yesu, ban hana ta ba. Yaro ya warke. Tun daga nan ta fara yi mini maganar addininta, ta turo mini karatun Linjila a waya, ta kuma gayyace ni cocinsu ranar Kirsimeti. Makon jiya maigida ya ji babbar 'yarmu, mai shekara 8, tana rera waƙar coci da ta koya wurin 'ya'yan matar. Ya ce wannan tabshir ne, wato yaɗa Kiristanci, matar ta tashi kafin ƙarshen wata, in ba haka ba ya kai maganar gaban kwamitin unguwa. Ni ba na son addininta, ba na kuma son ta tashi. Na yi zunubi da na bar ta ta yi addu'ar? Yaya zan yi?

Uwar yara uku, Gadarif

'Yata, barka da arziki, Allah ya ƙara wa yaron lafiya ya raya miki shi. Duk wadda ba ta taɓa riƙe yaro yana sanƙarewa a hannunta da tsakar dare ba, ba za ta gane matsayin matar nan a zuciyarki ba. Ni na gane.

Bari in fara da abin da ke hana ki barci. Ke ba ki roƙi kowa ba sai Allah. Addu'ar da ta yi tata ce, daga bakinta ta fito, bisa abin da ta yi imani da shi, kuma ba ta sauya komai a addinin ɗanki ba. Allah ne ya warkar da shi, ta hanyar allura da ruwan da aka ɗaura masa, da kuma ƙafafun matar da ta fita cikin duhu neman raksha. Uwar da ɗanta ke tsakanin rai da mutuwa ba ta cikin halin da za ta tsaya yin muhawara a bakin gado. In zuciyarki ba ta kwanta ba, yi istigfari, ai ba ya yin yawa, ki wuce wurin. Abin da ke gabanki ya fi wannan girma.

Ya kamata ki gane abin da maƙwabciyarki take yi kafin ki yanke mata hukunci. Kiristanci addini ne na kira, kamar yadda Musulunci yake. A ƙarshen Linjilar Matta, sura ta 28, akwai umarni ga mabiya su je su almajirtar da dukan al'ummai, kuma Kiristan da ya riƙe addininsa da gaske yana jin nauyin wannan umarni a wuyansa. Kiristocin ƙasar Hausa suna kiran abin bishara. Kalmar tabshir da maigidanki ya faɗa tushensu ɗaya da bushara da albishir. Wato a ganinta albishir take yi miki. Mace ce da ta rasa gida, ta rasa miji, ta bi hanya da yara biyu, abin da ya rage mata kawai shi ne imanin da ya riƙe ta, shi ne kuma ta miƙo miki don ba ta da abin da ya fi shi tsada. Yanzu ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: ke ba ki taɓa kallonta tana shanya wanki, kika ce a ranki, ina ma wannan baiwar Allah ta musulunta ba? Na tabbata kin yi, wataƙila har kin roƙa mata a sujada. A Buhari an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima, ya zauna wajen kansa, ya kira shi zuwa ga Musulunci. Kira a bakin gadon mara lafiya mu ma mun san shi. Saboda haka ban ɗauki maganarta a matsayin cin amana ba.

Amma ba zan wanke ta tas ba. Lokacin da ta zaɓa bai yi ba. Ta fara maganar ne bayan asibiti, sa'ad da alherinta ya yi miki nauyi har bakinki ba ya iya furta a'a. Ko da ba ta yi da niyya ba, kira a irin wannan lokaci yana da matsi a cikinsa. Ke ma kina da naki kason. Ta turo karatu kin yi shiru, ta gayyace ki coci kin yi murmushi kin ce sai mun gani, ko ba haka aka yi ba? Mu kunya muke kiran wannan. Ita kuwa ta ga ƙofa a buɗe. Ba ki taɓa gaya mata iyakarki ba, sannan ga shi ana shirin hukunta ta don ta tsallake iyakar da ba a nuna mata ba.

Maganin wannan a bakinki yake. Ki tura yara waje, ki soya buna, 'ya'yan kofi, ki zuba mata jabana kamar kullum, ki ce da ita: "'Yar'uwa, abin da kika yi mini a asibiti ba zan manta ba har in koma ga Allah. Na san don kina ƙaunata kike yi mini maganar addininki. Amma ni Musulma ce, a nan zan rayu, a nan nake roƙon in mutu. Ki daina turo mini karatun, ba kuma zan je coci ba. In ina da tambaya ni da kaina zan tambaye ki." Kada ki lulluɓe maganar cikin zaurance har ta ɓace, kada kuma ki zagi abin da take bauta wa. Suratul Ankabut, aya ta 46, ta hana mu jayayya da ma'abota littafi sai ta hanya mafi kyau. Su ma a wasiƙar Bitrus ta fari, sura ta 3, an umarce su su ba da amsa game da begensu ga wanda ya tambaye su, da tawali'u da ladabi. In mai bin littafinta ce, za ta gane cewa ke ba ki tambaya ba.

Na daɗe a kan wannan don na taɓa zama a inda kike. A shekarun da nake koyarwa a Umdurman na yi haya kusa da unguwar Masalma, inda Kibɗawa, Kiristoci 'yan asalin Masar, suka daɗe da zama. Maƙwabciyata tela ce, Bakibɗiya, da ɗan zanen gicciye a cikin wuyan hannunta na dama irin wanda suke yi tun suna yara. Kullum in ta miƙo hannu tana gwada mini tsawon riga sai in gan shi. Wata ranar Sha'aban muna zaune gaban tanda tana taya ni gasa abre, ƙullun da ake gasawa a jiƙa a sha da azumi, hayaƙi ya cika mana ido, sai ta ce da ni, ba tare da ta ɗago kai ba, abin da ke damunta shi ne tana so ta gan ni a inda za ta je bayan mutuwa. Na ajiye abin shafawa na ce mata ni ma abin da nake roƙa mata ke nan kowace asuba, sai dai hanyar da nake roƙa mata daban ce. Muka yi shiru mai tsawo, abre guda ya ƙone. Daga ranar ba ta sake kirana ba, ni ma ban matsa mata ba, kowace ta san abin da ke zuciyar 'yar'uwarta. Shekara goma sha ɗaya muka yi katanga ɗaya. Ita ta ɗinka kayan sunan 'yata ta biyu. Sunan unguwar ma kansa darasi ne: ya samo asali daga Kiristocin da aka sa suka furta Musulunci a zamanin Mahadiyya, daular Mahdin Sudan, kuma bayan faɗuwar daular a 1898 da yawansu suka koma cocinsu. Abin da aka karɓa da tsoro bai zauna ba. Haka zai kasance ko ta wane ɓangare matsin ya fito.

Sai maganar yarinya, kuma a nan maigidanki yana da gaskiya mai ƙarfi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu wanda ke da haƙƙin tanƙwara 'yarki a bayan idonki. Amma ki bincika tukuna. Kin ce wurin 'ya'yan matar ta koya. Yara suna kwashe waƙa kamar yadda zane ke kwashe ƙaiƙayi, ba sai an zaunar da su ba. Ina kyautata zaton 'ya'yanta su ma sun haddace Fatiha da kiran salla, tun da shi suke ji sau biyar a rana ta saman katanga. Ki tambayi uwar kai tsaye ko ita ta koya mata. In ita ce, ki ce ta daina, ba wasa. In ba ita ba ce, ku ƙulla alkawari guda mai fuska biyu: ba za ta koya wa 'ya'yanki addininta ba, ke ma ba za ki kira nata gefe ki biya musu kalmar shahada ba, ba kuma za ki sa kwanon abinci ya zama tarko ba. Ita baƙuwa ce a ɗakin mijinki, tsoron da take ji a kan 'ya'yanta ya ninka naki.

Kada a doki yarinyar, kada a yi mata tsawa. Duka zai sa waƙar ta zama abin ɓoyo mai daɗi. Ki zaunar da ita ki ce ta rera miki, ki tambaye ta me kalmomin suke nufi, sannan ki gaya mata abin da mu muka yi imani da shi game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi: bawan Allah ne kuma manzonsa, an haife shi ba uba, ya yi magana yana cikin zanen goyo, mahaifiyarsa ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya ambaci sunanta, har da sura guda mai sunanta. Ki biya mata Ƙulhuwa da ma'anarta da Hausa. Yarinyar da ta san nata ba ta ruɗewa don ta ji na wani. In kika rufe wannan ƙofa yau, gobe za ta ji irinsa a makaranta, a kasuwa, a waya, a inda babu ke.

Yanzu maigida. Kada ki ɗauke shi mugu. Shi ne ya ba matar ɗaki a lokacin da kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo a Gadarif, mutane suna kwana a azuzuwan makarantu. Tsoronsa kuma yana da tarihi. A ƙasar nan kalmar tabshir tana tafe da kaya a bayanta: Turawan Ingila sun rufe kudancin Sudan da Duwatsun Nuba da dokar 1922, suka bar wa 'yan mishan makarantu da asibitoci a can, gwamnatin soja ta Janar Abbud ta kori 'yan mishan na waje daga kudu a 1964, aka yi ta yaƙi har kudu ta ɓalle a 2011. In namiji ɗan Sudan ya ji kalmar, abin da ke zuwa masa shi ne ƙungiyoyi da kuɗin waje da siyasa. Aikinki shi ne ki nuna masa cewa abin da ke bayan gidansa mace ce guda da katifa ɗaya da tukunya biyu.

Kada ki yi masa gardama a gaban yara ko a gaban 'yan'uwansa. Ki bari ya ci abincin dare ya huta. Ki fara da ba shi gaskiyarsa a kan yarinyar, ki gaya masa matakin da kika ɗauka, sannan ki roƙi wata guda ya ga ko maganar za ta tsaya. In ya ce miki zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ki tuna masa wanda ya goya ɗansa lokacin da yake gona. Ki tuna masa Suratun Nisa'i, aya ta 36, wadda ta haɗa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa cikin waɗanda za a kyautata wa, ba ta tambayi addininsu ba, da Suratul Mumtahana, aya ta 8, da ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Wannan mata ba ta fitar da kowa daga gida ba, ita aka fitar. Abdullahi ɗan Amru, sahabi, an yanka akuya a gidansa, da ya dawo abin da ya dinga tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude.

Akwai labarin da ya fi kowanne dacewa da mutanen Gadarif, don daga nan zuwa iyakar Habasha a Gallabat tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Shekara ta biyar bayan aike, Musulmin farko suka gudu daga azabar Makka suka faɗa hannun Najjashi, sarki Kirista. Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan As da kyaututtuka a mayar musu da su. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya a fada ya karanta Suratu Maryam, ya kuma faɗi abin da Musulunci ya ce game da Annabi Isa ba tare da ya rage komai ba. Wato baƙo ne, ɗan gudun hijira, yana faɗin addininsa a gidan mai masaukinsa. Najjashi bai kore su ba. Yau abin ya juyo, mijinki ne mai masauki.

Mu kuma Hausawan ƙasar nan, wa zai koya mana ɗacin kora? Kakanninmu wasu hanyar hajji ta ajiye su, wasu sun biyo Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. Fiye da shekara ɗari muna noma ƙasar nan, amma a watan Yuli na 2022, a Damazin da Rusairis, an sake gaya mana da wuta da makami cewa mu ba 'yan nan ba ne. Da Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, 'yan'uwanmu na jihar Sinnar nan Gadarif suka kwararo da ƙullin kaya a ka. Mijinki ya san wannan fiye da ni.

Abu guda ne ba zan sassauta a kansa ba: maganar nan kada ta je gaban kwamiti, kada ta je masallaci, kada ta je bakin matan unguwa. Baki shi ke yanka wuya. Kin tuna Maryam Yahaya Ibrahim, wadda asalinta daga wannan jihar ne? A 2014 kotu a Khartum ta yanke mata hukuncin kisa da sunan ridda a ƙarƙashin sashe na 126 na dokar laifuka ta 1991, ta haihu a kurkukun mata na Umdurman kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. Maganar daga ƙorafin dangi ta faro, ta fi ƙarfin kowa. An soke hukuncin ridda a watan Yuli na 2020, amma abin da aka goge a takarda bai gogu a zukatan mutane ba, ga shi kuma muna cikin yaƙi, lokacin da ake tsare mutum a shinge don kawai ba a san fuskarsa ba. Mace baƙuwa, 'yar Nuba, ba miji, ba dangi, a ce tana juya 'ya'yan Musulmi: da zarar wannan ya fita daga bakin mijinki, ba shi zai yanke inda zai tsaya ba. Har ke sai ya shafa, don za a tambaya me ya sa karatun Linjila yake cikin wayarki. Ki faɗa masa wannan a fili. Na fi zaton cikin fushi ya ambaci kwamiti, bai auna inda abin zai kai ba.

In kun yi magana da ita ta ci gaba da bin yaranki da addini a ɓoye, to ta warware alkawari, kuma mijinki yana da iko da ɗakinsa. Ko a nan ma a ba ta lokaci na mutunci, ku taya ta neman wani ɗaki, kada a faɗa wa kowa dalili. Amma daga yadda kika siffanta ta, ban ga alamar za a kai nan ba.

Game da Kirsimeti, ba za ki shiga coci ki tsaya cikin ibadarsu ba, wannan a fili yake. Gaisuwar ranar kuwa malamai sun saɓa, wasu sun hana, wasu kamar hukumar fatawa ta Masar sun halatta, ki bi wanda zuciyarki ta natsu da shi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ciyar da maƙwabci. Wannan ce Kirsimeti ta biyu da za ta yi ba ta san ko mijinta yana raye ba. In ta dawo daga coci ranar, ta tarar da kwanon asida da miyar nama a rufe a bakin ƙofarta. Ki kai da hannunki, ki ɗan zauna, ki tambaye ta ko an ji wani labari daga Umdurman.